Masu Kifa Majiyyaci

A watan Maris na 2020, lokacin da hotunan asibitocin arewacin Italiya cike da masu korona suka fara yawo a gidajen talabijin da wayoyin mutane, akwai abin da ya ɗaure wa masu kallo da yawa kai. Ga gadaje a jere, ga na'urori suna ta ƙyafta fitilu, amma marasa lafiyar a kife suke, rub da ciki, fuska a karkace gefe guda, bayansu kawai ake gani. Wanda bai san aikin asibiti ba, zai ɗauka ko yawan aiki ne ya sa aka yasar da su haka, ko kuwa an riga an fid da rai da su. Alhali wannan kwanciya tana cikin ayyuka mafi wuya da ake yi a sashen masu tsananin jinya, wanda mutanenmu ke kira ɗakin gobe da nisa, kuma tana cikin 'yan abubuwa ƙalilan da aka tabbatar suna rage mutuwa idan huhu ya gaza. Kayan aikin ba su da yawa: mutum biyar ko shida, zannuwan gado biyu, matasan kai uku. Sauran duk gwaninta ce, kuma ita nake so mu duba.

Sai an san halin da majiyyacin yake ciki kafin a gane darajar abin da ake yi masa. Yawancin waɗanda korona ta kama a gida suka warke. Amma wanda ta kai shi gadon asibiti, labarinsa daban ne. A Birtaniya an bi diddigin majiyyata 73,197 da aka kwantar a asibitoci 302 daga Janairu zuwa Agustan 2020, aka buga sakamakon a mujallar The Lancet a Yulin 2021. Kusan rabinsu cutar ta haifar musu da wata matsala ta daban a jiki. Ƙoda ta taɓu a wajen kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu, wasu zuciya ce, wasu hanta, wasu ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Kusan kashi ɗaya cikin uku ba su fita da rai ba. Ko matasa 'yan shekara 19 zuwa 29, kashi 27 cikin ɗari na waɗanda aka kwantar sun gamu da wata matsalar. Tsofaffi, da maza, da masu ciwon sukari, da masu ciwon ƙoda ko zuciya, su suka fi shiga haɗari. Cutar tana kuma sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya je ya toshe hanyar jini a ƙirji. Duk da haka, abin da ya fi kai mutane ga halaka shi ne gazawar huhu.

Huhu cike yake da 'yan ƙananan jakunkunan iska, ɗaruruwan miliyoyi, kowace da siraran jijiyoyin jini kewaye da ita. A nan ne iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini. Idan cutar ta yi tsanani, bangon jakunkunan ya kumbura, ruwa ya tsattsafo ya cika su. Huhun da a da yake shafal sai ya yi nauyi kamar soson da ya sha ruwa, na sama yana danne na ƙasa yana matse ɗan abin da ya rage masa na iska. To, mutumin da ke kwance rigingine, ɓangaren huhunsa na baya shi ne a ƙasa, kuma mafi yawan naman huhu ta bayan yake. Ga nauyin ruwa, ga zuciya ta kwanta a kai, ga kayan ciki suna turo tantanin da ya raba ƙirji da ciki zuwa sama. Sai jakunkunan baya su rufe ruf. Jini kuwa bai fasa bi ta wurin ba. Zai zo ya tarar babu iska, ya koma yadda ya zo. Shi ya sa za ka ga an buɗe wa mutum oksijin har ƙarshe, amma lambar da ke jikin na'ura ta ƙi hawa.

Likitan nan na birnin Milan, Luciano Gattinoni, da abokan aikinsa, su suka fito da wannan fili a shekarun 1980, da suka riƙa ɗaukar hoton ƙirjin irin waɗannan majiyyata da na'urar sikanin ta CT. Sun gano cewa abin da ya rage a buɗe a huhun babban mutum yakan yi ƙanƙanta har ya koma daidai da huhun yaro ɗan shekara biyar ko shida. Duk iskar da na'urar numfashi ke turawa kuma cikin wannan ɗan ragowar take shiga, ta buɗa shi fiye da kima, ta ƙara masa rauni. Wato na'urar da ke riƙe da ran mutum tana iya ƙarasa masa huhun. Amma da an kifa shi, sai lissafin ya canza. Zuciya ta koma ta kwanta a kan ƙashin ƙirji, baya ya samu sarari, jakunkunan da suka rufe su fara buɗewa. Jini kuma har yanzu ta bayan ya fi bi, don haka yanzu zai tarar da iska tana jiransa. Iskar na'ura ta bazu a wuri mai faɗi, ba ta taru ta yi wa gefe guda yawa ba. Majinar da ta maƙale can ciki ta gangaro inda za a iya zuƙe ta.

Dabarar ta girmi korona nesa ba kusa ba. A 1974 wani likita a Toronto, Charles Bryan, ya kawo shawarar a gwada ta. A 1976 Margaret Piehl da Robert Brown suka ba da rahoton majiyyata biyar da aka kifa, oksijin ɗinsu ya hau. Piehl ma'aikaciyar jinya ce, kuma ya kamata a riƙa faɗin haka, domin tun daga ranar farko aikin a hannun ma'aikatan jinya yake. Sai dai an daɗe ana jan ƙafa. A 2001 Gattinoni ya gwada ta a kan majiyyata 304, ana kifa rabinsu kimanin awa bakwai a rana. Oksijin ya hau, amma yawan mace-mace bai ragu ba, kuma likitoci da yawa suka ce ai shi ke nan, wahala ce kawai. Claude Guérin na birnin Liyon a Faransa bai saki ba. Shi da abokan aikinsa suka sauya tsari: a zaɓi waɗanda ciwon ya fi tsanani, a fara da wuri, a bar su a kife aƙalla awa 16 a jere. A 2013 suka fitar da sakamakon majiyyata 466. Cikin kwana 28, kashi 16 cikin ɗari na waɗanda aka kifa ne suka rasu, na rigingine kuwa kusan kashi 33. Mutuwa ta ragu da rabi. Da wani kamfani ne ya ƙera ƙwayar da ke yin haka, da duniya duka ta san sunanta.

Akwai wani abu a cikin wannan bincike da ba a cika ambata ba, ni kuwa shi na fi ɗauka da muhimmanci. Sassan jinya 27 da suka shiga, 26 a Faransa, ɗaya a Sifaniya, kowannensu ya yi fiye da shekara biyar yana wannan aiki kafin a fara ƙirga. Hannayen sun riga sun saba. Shi ya sa matsalolin da ake tsoro, irin su zamewar bututu, ba su fi yawa ba a wajen waɗanda aka kifa. Inda ba a saba ba kuwa, tsoro ne ya ci gaba da yin nasara. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 50, aka buga a 2016, ya nuna cewa cikin masu gazawar huhu mafi tsanani, kimanin kashi 16 cikin ɗari kacal ake kifawa. Korona ce ta zo ta karya wannan tsoro. A yankin Lombadi na arewacin Italiya, cikin makonnin farko, wajen kashi 27 cikin ɗari aka kifa. A wani bincike na majiyyata sama da 4,000 a Faransa da Beljiyam da Suwizalan, adadin ya kai kashi 70 cikin ɗari na waɗanda ke kan na'ura. Asibitoci da dama a Turai da Amurka suka kafa ayari na musamman, suka tattaro ma'aikatan ɗakin tiyata da masu gashin ƙashi waɗanda aikinsu ya tsaya, suna bi gado-gado safe da yamma, ba abin da suke yi sai juya mutane.

Bari mu matsa kusa da gadon. Majiyyacin yana cikin barcin allura, sau da yawa ma an ƙara masa maganin da ke sake tsokoki gaba ɗaya, don haka ba ya iya kare kansa da komai. Ba zai ɗaga kai ba, ba zai janye hannu ba in ya lanƙwashe, ba zai ce wayyo ba. A bakinsa akwai bututun numfashi da ya sauka cikin maƙogwaro. A wuyansa akwai layin da aka zura cikin babbar jijiya, ta nan maganin da ke riƙe masa ƙarfin jini ke shiga ɗigo-ɗigo, in ya katse na ɗan lokaci jinin na iya faɗuwa. A wuyan hannu ga wani layin, a hanci ga robar abinci, a ƙasa ga robar fitsari, wani ma har da bututun da ke janye ruwa ko iska daga ƙirji. Duk wannan tarkace za a juya tare da mutumin da nauyinsa kan kai kilo 90 ko 100, ba tare da ko ɗaya ya fita, ko ya naɗe, ko ya maƙale a ƙarƙashinsa ba.

Shirin ya fi juyin kansa cin lokaci. Za a tsayar da abinci tun da wuri, a zuƙe abin da ya rage a tumbi don kada ya dawo ya shiga huhu. A ɗaga oksijin zuwa ƙarshe. A duba lambar da ke jikin bututun numfashi daidai haƙora, a faɗe ta da ƙarfi kowa ya ji, a sake ɗaure bututun tamau, a zuƙe majina. A sa wa idanu mai, a rufe su da filasta, domin idon da ya kwana a buɗe yana gogar zani zai iya samun tabo na har abada. A cire 'yan faifan nan na duba bugun zuciya daga ƙirji, saboda duk ɗan abu mai tauri da mutum ya kwanta a kai awa 16 sai ya bar masa gyambo. Sannan nas ta bi kowane layi da yatsa, tun daga jikin mutum har zuwa inda ya fito, ta tabbatar yana da rarar tsawo. Na sama a tattara su ta wajen kai, na ƙasa ta wajen ƙafa. A jera matasan kai a kansa tun yana rigingine, ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙugu, ɗaya a ƙafafu, a bar daidai cikin babu komai, domin in an kifa shi cikin ya samu wurin saki. A cusa hannun da ke ɓangaren na'ura ƙarƙashin ɗuwawunsa. A shimfiɗa zani na biyu a kai, a haɗa gefunansa da na zanin ƙasa, a nannaɗe su sosai har mutumin ya zama ƙunshi guda, kansa kawai a waje.

Daga nan mutum ɗaya ne ke da bakin magana, wanda ke tsaye ta wajen kai, yawanci likitan sa barci ko wani da ya ƙware a kan hanyar numfashi. Hannunsa ɗaya na tallafe da kai da wuya, ɗayan na riƙe da bututu. Mutum biyu a dama, biyu a hagu. Zai tambaya ko kowa ya shirya, ya jira amsa daga kowa, sannan ya ƙirga. Juyin hawa uku ne. Da farko a ja ƙunshin zuwa bakin gado, nesa da na'ura, a tsaya, a duba. Na biyu a tayar da shi a kan gefensa, fuskarsa na kallon na'ura, a sake tsayawa. A nan ne masu dama da masu hagu ke musayar riƙo, wanda ke riƙe da naɗin sama ya karɓi na ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, ba a sakin duka lokaci guda. Na uku a sauke shi a hankali a kan matasan, mai riƙe da kai yana juya fuskar daidai da tafiyar jiki, kada wuya ya riga kafaɗa ko kafaɗa ta riga wuya. Kuma akwai ƙa'idar da ta fi komai burge ni a cikin aikin: duk wanda ya hango wani abu ya maƙale, ko da shi ne mafi ƙanƙanta a ɗakin, yana da ikon cewa a tsaya, kuma kowa sai ya tsaya cak, har babban likita. A wurin da ake girmama muƙami kamar asibiti, wannan ba ƙaramin horo ba ne.

A lokacin korona duk wannan cikin rigar kariya aka yi shi, da takunkumi mai matse fuska, da gilashin da gumi ke rufewa, murya ba ta fita sosai. Ga fargabar cewa in mahaɗin bututu ya ɓalle, abu biyu za su faru nan take: iskar da ke riƙe da jakunkunan huhu a buɗe ta tsere su sake rufewa, kuma ƙwayar cutar ta fesu a fuskar duk wanda ke tsaye. Sun san haka sarai, suka ci gaba da yi, a wasu sassan sau da yawa a yini ɗaya.

Wanda ya ɗauka an gama da an sauke shi bai san aikin ba. Yanzu ne jinya ta fara. A sake duba lambar bututu a ga ko ita ce wadda aka faɗa ɗazu. A saurari ƙirji dama da hagu. A manna faifan zuciya a baya. A ɗaga hannu ɗaya sama kusa da kai, gwiwar hannu a lanƙwashe, fuska na kallonsa, ɗayan hannun a miƙe a gefen jiki, abin da ma'aikata ke kira kwanciyar mai iyo. A karkata gadon gaba ɗaya, kai ya fi ƙafa tudu, don rage kumburin fuska. Sannan nas ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin fuskar. Kunne bai naɗe ba? Ido ba ya kan matashi? Bututu ba ya danne leɓe? Nono ko al'aura ba su matse ba? Yatsun ƙafa ba su tokare katifa ba? Bayan kowace awa biyu zuwa huɗu a sauya ɓangaren fuska da hannu, dare da rana, har awa 16 ta cika, a mayar da shi rigingine na wasu awoyi, in hali bai gyaru ba a sake kifawa. A binciken Guérin kowane majiyyaci ya sha wannan zagaye kimanin sau huɗu.

Wannan binbini ba tsirfa ba ne. Kifawa tana da nata lahani idan aka yi sake. Goshi da kumatu da haɓa da gwiwoyi kan yi gyambo. Fuska kan kumbura har dangi su kasa gane mutum. Jijiyoyin kafaɗa da na hannu kan miƙe fiye da kima ko su danne, mutum ya farfaɗo ya tarar hannunsa ba ya ɗaguwa. A wata cibiyar farfaɗo da gaɓoɓi a birnin Shikago, cikin mutum 83 da aka kawo bayan sun tsira daga korona mai tsanani, 12 sun zo da raunin jijiya, kuma 11 daga cikinsu an kifa su a lokacin jinya. Bambancin wanda ya tashi da hannunsa lafiya da wanda ya tashi da shanyayyen hannu yakan zama ɗan gyaran kafaɗa ne da wata nas ta yi da ƙarfe ukun dare, babu mai kallonta.

Sanin wanda ba za a kifa ba shi ma ɓangare ne na gwanintar. Mai karayar ƙashin baya ko na wuya ba a taɓa shi. Wanda aka buɗe wa ƙirji ko ciki kwanan nan, da wanda ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, da wanda jininsa ke ta faɗuwa duk da magani, sai an auna riba da hasara. Mai tsohon ciki ana iya yi mata, amma sai an jera matasai yadda cikin zai rataya ba tare da ya taɓa katifa ba. Kuma ayarin da ya san aikinsa ya riga ya tsara abin da zai yi idan zuciya ta tsaya alhali mutum na kife: a fara danna bayansa tsakanin allunan kafaɗa nan take, wasu kuma suna shirin mayar da shi rigingine.

Korona ta kuma buɗe wata ƙofa, wadda ita ta fi shafar mu. Likitoci suka ce, me zai hana a gwada wa wanda yake farke, bai kai ga na'ura ba, oksijin kawai yake shaƙa? A wani asibiti a birnin Niyok an gwada a kan mutum 50 a farkon annobar. Sun iso ma'aunin oksijin ɗinsu na wajen 80, aka sa musu iska ya hau zuwa 84, suka kifa da kansu, cikin minti biyar ya kai 94. Daga baya aka haɗa gwaji a ƙasashe shida, Kanada da Faransa da Ayalan da Meziko da Sifaniya da Amurka, a kan majiyyata sama da 1,100, aka buga a 2021. Cikin waɗanda suka kifa, kashi 33 cikin ɗari ne aka zura wa bututu daga baya, cikin waɗanda ba su kifa ba kashi 40. Ba a tabbatar ta rage mutuwa a wannan rukuni ba, kuma gaskiya ta wajabta a faɗi haka. Amma ta rage buƙatar na'ura, kuma waɗanda suka jure fiye da awa takwas a rana su suka fi cin moriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin shawarwarinta a Janairun 2021.

A nan gwanintar ta tashi daga ƙarfin damtse ta koma lallashi. Mutumin da numfashi ke yi wa wuya zama yake so ya yi, ya dafa gwiwa, ido a waje. Ka ce masa ya kwanta a kan cikinsa, gani zai yi kashe shi za ka yi. Nas ɗin da ta iya aikinta ba ta ba da umarni ta wuce. Za ta jawo kujera ta zauna. «Baba, daure ka juya mini, rabin awa kawai, ina nan ba inda za ni.» Ta gyara masa matashi a ƙirji, ta saki robar oksijin kada ta shaƙe shi, ta juyo da fuskar ma'aunin inda zai gani. «Kalli nan, Baba. Ɗazu nawa ka gani? To yanzu fa?» Da mutum ya ga lambar tana hawa da idonsa, rabin gardamar ta ƙare. In baya ya gaji a koma gefen dama, daga nan a zauna, a koma gefen hagu, a sake kifawa. Mu nan kuma akwai ƙarin abu guda. Yawancinmu mun tashi ana kwaɓar mu in an gan mu rub da ciki, domin kwanciya ce da aka yi hani da ita a hadisi. Dattijon da ya shekara saba'in yana gudun ta ba zai karɓe ta da sauƙi ba, kuma yana da hujjarsa. Nas mai hankali ba ta ja da shi. Tuna masa take yi cewa wannan lalura ce ta magani, kuma mara lafiya ko a salla an yi masa rangwame.

Sai dai lambar da ta hau tana iya ruɗar mutum, kuma gwanaye sun san haka. Ɗan ma'aunin nan da ake maƙalawa a yatsa haske yake harbawa ta cikin fata, kuma a Disambar 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan sun nuna cewa ya fi yin kuskure a jikin baƙar fata. Cikin waɗanda ma'aunin ya nuna suna tsakanin 92 da 96, kusan kashi 12 cikin ɗari na baƙaƙe ainihin oksijin ɗin jininsu yana ƙasa da 88, fararen fata kuwa ƙasa da kashi 4. Yatsa mai sanyi da jan farce su ma suna ɓata awo. Don haka ƙwararriyar nas ba ta tsayawa a kan lamba. Tana ƙirga numfashi na minti guda cur. Tana duba ko jijiyoyin wuya na tashi, ko tsakanin haƙarƙari na lotsawa, ko mutumin da ɗazu yake amsa gaisuwa yanzu ya fara sambatu. In ta ga haka ta san kifawa ta kai iyakarta, ta kira likita tun kafin ƙarfinsa ya ƙare. Jinkirin zura bututu ga wanda ya riga ya gaji shi ma kisa yake yi.

Abin da ya sa nake ganin wannan magana tamu ce, ga shi. A Mayun 2021 aka buga wani bincike da Farfesa Bruce Biccard na Jami'ar Kef Tawun ya jagoranta, a kan majiyyata 3,140 masu korona mai tsanani a asibitoci 64 na ƙasashen Afirka goma, ciki har da Najeriya da Nijar da Gana. Kashi 48 cikin ɗari sun rasu cikin kwana 30, alhali matsakaicin abin da aka gani a duniya bai wuce kashi 32 ba. Cikin abubuwan da suka ƙara haɗarin akwai tsufa, da ciwon sukari, da cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta ko ƙoda, da kuma jinkirin samun gado saboda ƙarancin kayan aiki. Kowa ya san na'urar numfashi tsada gare ta, tana son wutar da ba ta ɗaukewa, da oksijin da ba ya yankewa, da ma'aikacin da zai zauna da ita. A wurin da na'urar ba ta fi a ƙirga da yatsu ba, duk mutumin da aka kare shi daga buƙatarta an ceci mutum biyu ne, shi da wanda zai hau ta a madadinsa. Kifawa ba ta maye gurbin oksijin, ba ta maye gurbin magani irin deksametason, wanda wani gwaji a Birtaniya ya nuna a Yunin 2020 yana rage mutuwar masu kan na'ura da kashi ɗaya cikin uku. Amma ita ce kaɗai a cikinsu da ba a jiran jirgi ya kawo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ranar 5 ga Mayun 2023, amma gazawar huhu ba ta tafi da ita ba. Ciwon nimoniya na kawo ta, mura mai tsanani na kawo ta, haka gubar ƙwayoyin cuta a jini da mummunan haɗarin mota. Gwanintar hannu kuwa in ba a yin ta gushewa take yi, ayarin da ya ƙware a 2020 ya watse, wasu sun yi ritaya, wasu sun bar ƙasa. Roƙona ga shugabannin asibitocin koyarwa da makarantun jinya, daga Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri har Yamai da Maraɗi da Damagaram, shi ne su sa wannan aiki cikin abin da ake maimaitawa a kai a kai. Ɗalibi ɗaya ya kwanta a gado, a manna masa robobi da filasta, biyar su juya shi, malami na tsaye yana duba abin da ya zame, har hannu ya saba.

Kai kuma mai zaman jinya, in ma'aikaciya ta ce ɗan'uwanka ya kwanta a kan cikinsa, taya ta lallashi, ka gyara masa matashi, ka zauna inda zai riƙa ganin fuskarka. Amma kada a mayar da ita maganin gida. Wanda numfashi ya fara yi wa wuya, a kai shi asibiti a ranar.